Rijistar da Ban Ajiye Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata ta fari. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko da yake na san lafiyarki ƙalau, don ga shi ina jiyo ki a ɗakinki kina kokawa da zik ɗin akwati. Allah ya kai ki makaranta lafiya, ya tsare ki a hanyar Jos da kwanoninta, ya haɗa ki da abokan zama na kirki, ya raba ki da sharrin mutum da na ƙarfe.

Akwai maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba, har Abbanki. Littafin nan naki da ya lalace a kwamfuta shekara biyu da suka wuce, ba wutar lantarki ce ta ci shi ba. Ba kuma ishara ce daga Allah ba, yadda kika ɗauka. Ni ce.

Kada ki yaga tukuna. Ki samu wuri ki zauna, ki bar ni in faro daga nesa, don kin san ni, ban iya shiga magana ta ƙofar gaba ba.

A Awe na tashi, a hannun Inna kakarki, wadda sana'arta dafa gishiri. Mata kan ɗebo ruwan gishiri a tukwane, su ɗauko a ka zuwa wurin dafawa. Akwai wata ƙa'ida da kowa ya sani: in ka tsayar da mace da kaya a ka don ka tambaye ta wani abu, kai za ka kama mata ta sauke, kai kuma za ka aza mata yadda ka same ta. Ina 'yar budurwa lokacin, kaina cike da littattafan soyayya, na tsayar da Iya Talatu ƙawar Inna. 'Yarta ce ta ara mini wani littafi, ta tafi Lafiya da kashi na biyu, ni kuma na kasa barci don ban san ko masoyan sun haɗu ba. Na kama mata ta sauke tukunya. Gammonta ya faɗo, na tsince shi na riƙe. Ina tambaya ina murza shi a yatsu, hankalina yana can cikin littafi. Da muka gama na ɗaga tukunyar na aza mata. Tana taɓa kanta ta ce, "Ke, gammo!" Kafin ta rufe baki tukunyar ta zame, ta tarwatse a ƙasa.

Ta dube ni, da irin Hausarta ta ce, "Kai yarinya, ba tukunya ka fasa ba, yini na ka fasa."

Inna ba ta doke ni ba. Cewa ta yi, "Kin ga tukunya don ita ce babba. Gammo ba ki gan shi ba don tsumma ne."

To ki riƙe wannan. A makaranta za ki shiga ɗakunan mutane, za ki ari kayansu, za ki katse su suna tsakar magana. Duk abin da kika sauke wa mutum, ke za ki aza masa, har ɗan tsumman da kike ganin ba komai ba ne. In ƙawarki tana ba ki labarin damuwarta wani ya shigo, kada ki bar ta rataye. Ki koma ki ce, "Ina muka tsaya?" Kalma uku ce, amma ni na kai shekara arba'in ban iya ta ba.

Kuskurena na biyu, Abbanki ya sha ba ku labarinsa yana dariya, amma ta gefensa kawai kuka ji. Ina ɗaliba a nan Lafiya, shi yana sayar da doya a bakin kasuwa. Na san lokacin da yake buɗe rumfa. Na san ranakun da yake zuwa Doma saro kaya. Na san hulunansa kaf. Ban taɓa ce masa sannu ba. Na ga wata mata tana kawo masa abinci, na yanke cewa matarsa ce, na koma ɗaki na yi kuka irin na littafi, har da daina cin abinci. Ashe yayarsa ce, Goggonki. Ranar da Allah ya nufa ina wucewa ya ce, "Malama, kullum kina wucewa kina ƙirga mini huluna. In doya kike so ki taya. In kuma mai doyar ne, ki faɗa a rage miki." Na zubar da littattafaina a cikin kwata.

Kallon mutum ba saninsa ba ne. Mai kallo daga nesa rabin labari yake gani, sauran rabin shi yake ƙirƙira, kuma yawanci mafi muni yake ƙirƙirowa. Kunyata kika gado, na sani. Amma in wani abu ya dame ki game da mutum, ki taka ki je ki tambaye shi, ko muryarki na rawa.

Yanzu bari in shiga aikina, wanda ke ma shi za ki karanta. Za a koya miki shi da Turanci a aji, amma ina so ki fara jinsa da harshen gida.

Kin san a ƙarƙashin duk manhajojin kwamfuta akwai uwa guda, kanel, wadda ke raba wa kowa lokaci da wuri. A cikinta akwai ƙananan ayyuka dubbai, wannan ya kira wancan, wancan ya kira wani. Shi kuwa furosesa, mai yin lissafin, hannuwansa 'yan kaɗan ne, su ake kira rijista. In wani aiki zai kira wani, a cikin hannuwan nan yake damƙa masa saƙo. Ɗauki aikin da ke ajiye rubutu. Rijista ta farko tana riƙe da wane fayil ne, ta biyu inda rubutun yake, ta uku tsawonsa, ta huɗu kuma wurin da za a sa shi a cikin fayil ɗin. Wata daban tana riƙe da hanyar komawa gida in an gama.

Ni abin da kamfaninmu ke biyana in yi shi ne bin sawu. In na'urorin sola da suke ƙerawa suka riƙa tsayawa ba dalili, ni ake kira in gano wane aiki ya kira wane, da me ya ba shi. A ƙofar kowane aiki an bar ɗan gurbi da gangan. Nan nake dasa mai gadina, wato wani ɗan aiki da nake rubutawa don ya tsare ƙofar. Amma mai gadin nan shi ma sai da hannuwa zai yi aiki, kuma hannuwan furosesa ɗin ne dai, babu wasu. Don haka kafin ya yi komai, sai ya sauke duk abin da ke cikin rijistocin ya jera a gefe, ya leƙa, ya rubuta abin da ya gani, sannan ya mayar da kowanne hannun da ya fito, ya buɗe ƙofa. In an yi daidai, aikin zai wuce bai ma san an tsayar da shi ba. Ranar da aka fara koya mini wannan sai da na yi dariya ni kaɗai. Na ce ai wannan ƙa'idar matan Awe ce.

Kin tuna lokacin da na ba ki tsohuwar kwamfutar aikina, kina aji huɗu na sakandare. Kika riƙa shigewa ɗaki da ita bayan la'asar, kina bugawa kina murmushi, in na shigo ki rufe. Wata rana Maman Ladi maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman yara, wannan yarinya naka yana simayil da kwamfuta kullum fa. Boyfiren ne. Ni na san wannan simayil, shi ya ba ni Ladi." Na yi dariya, amma maganar ta kwana a raina.

Na gaya wa Abbanki. Ya ce, "To ki tambaye ta mana. Ɗakinta Makka ne da sai kin nemi biza?"

Ban iya ba. Ke ce ta fari. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta nuna ya dame ta. Haka Inna ta yi wa yayana, haka na tashi na gani. Sai "ke" da "yarinyar nan". Ban ce al'adar ba ta da kyawunta ba. Amma ni fakewa na yi da ita. Na samu 'ya mai hali irin nawa, al'ada ta ba ni lasisi.

Sai na yi abin da na iya. Kina makaranta da safe na ɗauki kwamfutar na dasa mai gadi a ƙofar aikin ajiye rubutu. Sunan fayil kawai zai rubuta mini, da lokaci. Haka na lallashi kaina, wai ai ba karantawa zan yi ba.

Akwai kayan bin sawu da ke cikin kanel ɗin tun asali, waɗanda mutane masu yawa suka gwada, masu iya ajiye rijistoci gaba ɗaya. Ban yi amfani da su ba, don kin riga kin fara wayo da na'ura, na ji tsoron za ki ga an kunna su. Na rubuta nawa da hannuna. Kuma don kada kwamfutar ta yi nauyi ki lura, na rage kaya. Na ajiye rijista ta farko, ta biyu, ta uku, da hanyar komawa. Ta huɗu na bar ta. Na ce ai mai gadina ba ya taɓa ta. A wurin aiki da wani yaro ya kawo mini irin wannan, da na mayar masa da shi. Amma aikin ɓoye ba shi da mai dubawa.

Ki ji wannan da kyau, don zai yi miki amfani a aji da wajen aji. Kada ki ajiye abin da kike zaton za ki taɓa kawai. Ki ajiye duk abin da mai shi yake bukata. Ba ki san me hannunki zai kai gare shi ba ranar da abu ya zo ba yadda kika saba ba. Kuma duk aikin da kika ji ba ki son kowa ya duba miki, ki tsaya ki tambayi kanki dalili.

Kwana biyu da dasawa na duba. Na ga "babi na ɗaya". Na ga "babi na biyu". Babu saurayi, babu komai. 'Yata littafi take rubutawa.

A ranar ya kamata in cire. Wallahi na zauna don in cire. Amma ban cire ba, kuma ba tsoro ya hana ni ba, kwaɗayi ne. Ni da na cika akwati da littattafan wasu ban taɓa samun zuciyar rubuta layi ɗaya ba, ga 'yar cikina tana yi. Kullum kika tafi makaranta sai in buɗe in ga an ƙaru. In kika yi mako a kan babi guda, in ce a raina, an zo wurin rabuwa ke nan, Allah sarki. In dafa miki faten doya da manja ranar, ki ce, "Umma yau me ake yi?" in ce ba komai. Hirar da na fi jin daɗi da ke ke nan a rayuwata, kuma ke ba ki san ana yi ba.

Sai ranar da kika gama. Kika haɗe babi-babin a fayil ɗaya, kika raɗa masa cikakken sunan littafin, suna dogo irin na masoya. Gurbin da na tanadar wa suna bai ishe shi ba. Sai mai gadina ya kira wani ɗan aiki ya datse sunan, shi kuwa wannan ɗan aikin ya ari rijista ta huɗu ya yi lissafinsa a ciki. Da aka buɗe ƙofa, saƙon inda za a ajiye ya riga ya canja. Kwamfuta ba ta gardama. Ta riƙa zuba rubutunki wani kan wani, ta ce miki ta ajiye. Ke kuma, mai tsafta kamar Inna, kika share tsoffin babi-babin don kada su cika wuri.

Ina gyaran shinkafa a tsakar gida kika fito riƙe da kwamfutar, fuskarki ba jini. Kika ce, "Umma, duba mini, wani aikin makaranta ne ya ƙi buɗewa." Ko a lokacin ba ki ce littafi ba ne. Ina ganin dogon sunan na san abin da ya faru. Gammo yana hannuna.

Aka yi dace mara kyau, an ɗauke wuta da rana a ranar. Na ce, "Wataƙila wuta ce." Kin fi kowa sanin kwamfutar na da batir, amma ba ki musa ba. Bayan kwana biyu na ji kina ce wa ƙawarki a zaure, "Na bar rubutu. Allah ne ya nuna mini bai dace ba. Da abin kirki ne ai da bai ɓace ba." Ina bayan ƙofa da tsintsiya. Taku biyu ne tsakanina da ke. Na juya na ci gaba da shara.

Wannan ya fi rijistar muni. Fasa tukunya kuskure ne. Amma da a ce na bar Iya Talatu ta tafi tana zaton kanta ne ya karkace, da wannan sunansa daban. Za ki yi kuskure a aikin nan, kowa yana yi. Za ki lalata wa wani aikinsa wata rana. Ki faɗa a ranar, da bakinki, tun abin yana ɗanye. Gaskiyar da aka ajiye ba kamar gishiri ba ce. Tana ruɓewa, kuma a cikin mai ajiyar take ruɓewa.

Saura ɗaya. Kin san abin da aka share ba ya gushewa nan take, sai an rubuta wani abu a kansa. Washegarin ranar da littafin ya lalace na ce zan kai kwamfutar gyara. Ban kai ta ko'ina ba. Na kwafe faifan ajiyarta gaba ɗaya, na cire mai gadin, na yi watanni ina tsintar babi-babinki guntu-guntu. Ba yadda za a jera guntaye ba a karanta ba. Don haka na karanta. Ki yafe mini wannan ma. Na samo kusan duka, ban da na ƙarshe. Labarin ya tsaya inda yarinyar take tsaye a tashar mota da ruwan sama, masoyinta kuma yana tsallaken titi, motoci sun ƙi tsagaitawa. Ga ni nan, mai furfura a goshi, na koma 'yar Awe mai jiran kashi na biyu.

Yana da kyau, 'yata. Ba don ke tawa ce na faɗa ba, na karanta da yawa na san bambanci. Akwai wurin da uwar yarinyar take ajiye mata abinci a bakin ƙofa ba ta ƙwanƙwasa ba, ta tsaya ta ji ko za a ɗauka. Na rufe kwamfuta na fita bayan gida na yi kuka. Ashe ba ni kaɗai ke bin sawu a gidan nan ba. Amma ke kin kalle ni kin bar ni yadda kika same ni.

Da kika ce ilimin kwamfuta za ki karanta, Abbanki ya yi ta murna, wai an samu magajiyar mai bin sawun aljanu. Ya tambaye ki dalili, kika ce, "Ina so in san abin da ke sa na'ura ta cinye wa mutum aikinsa." To ga amsar, ba sai kin je Jos ba. Na'ura ba ta ci komai ba. Abin da aka sa a hannunta shi ta kai. In har yanzu kina son karatun, ki yi shi don kina so, kuma za ki fi ni. In don wannan tambayar ce kawai, ki sani an amsa miki, kina da damar sake tunani, ni zan tsaya miki gaban Abbanki.

Littafin yana cikin ɗan filas ɗin kwamfuta da na naɗe a takardar nan. Ban gyara ko waƙafi ba. Ban ce lallai ki ƙarasa ba, ba ni da bakin wannan. Na dai mayar da abin da na sauke. Shekaru biyun da kika yi ba ki rubuta komai ba, su kam ba ni da inda na ajiye su.

In kika ƙi kirana na wani lokaci, zan fahimta. Ba zan sa kowa ya leƙa mini ke ba, ba ɗan ajinku ba, ba mai gadin ɗakin kwananku ba. Kwamfutar da ke cikin akwatinki babu komai nawa a ciki, kuma na rubuta miki a bayan takardar nan yadda za ki duba da kanki, kada ki yarda da maganata kawai. In ina son sanin halin da kike ciki, zan buga waya in tambaya. Ki yi haƙuri da ni in kika ji na yi shiru a layin, koyo nake.

Sauran kuwa kin sani. Ki riƙe salla. Ki ci abinci, kada ki zauna gaban na'ura har cikinki ya manta da ke. Jos da sanyi, rigar da na sa miki a ƙasan akwati ba ado ba ce. Kullin gishirin Awe yana cikin aljihun gefe.

Da na fara rubutun nan niyyata in cusa takardar ƙarƙashin rigar sanyin, ki gan ta bayan kin yi nisa, inda ba zan ga fuskarki ba. Yanzu da na zo ƙarshe na ga wannan ma shiga kayanki ne a ɓoye. Na gaji da ƙofar baya. Ga Abbanki can yana ciniki da mai keken da zai kai ku tasha gobe, kamar zai saye keken. Kafin ya shigo zan tashi in zo ɗakinki, in ƙwanƙwasa, in jira ki ce in shigo. Zan sa miki ita a hannu, in tsaya har ki karanta, ko me za ki ce.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya sa ki je lafiya ki dawo lafiya, ya yi wa karatunki da alƙalaminki albarka. Allah ya yi miki albarka, Hafsatu.

Kin ga na rubuta. Bari in zo in gwada faɗa.

Ummanki.